Kuɗin talabijin da rabuwar maƙwabta: yadda aka sake rabon jami'o'in Amurka a fagen wasa

Ranar Asabar 4 ga Nuwamba, 2023, ana tashi daga wasa a garin Stillwater na jihar Oklahoma sai dubban ɗalibai suka kwararo cikin fili. Suka tumɓuke turakun ƙarfen da ake harba ƙwallo tsakaninsu, suka saɓa a kafaɗa, ba su tsaya ba sai bakin wani tafki da ke cikin makarantar, suka jefa su ciki. Jami'ar Oklahoma State ce ta doke Jami'ar Oklahoma da ci 27 da 24 a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Nasarar kaɗai ta isa a yi murna, domin cikin karawa 118 da suka yi, Oklahoma ce ta lashe sama da 90. Sai dai murnar ranar haɗe take da ɗaci, saboda kowa a filin ya san ba za a sake haɗuwa baɗi ba. Wasan da suke kira Bedlam, wanda aka fara tun 1904, shekara uku kafin Oklahoma ta zama jiha, ya zo ƙarshe. Tsakanin makarantun biyu tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. Babu rigimar da ta raba su. Oklahoma ce ta samu gurbi a rukunin da ya fi kuɗi, ta kwashe kayanta, aka bar maƙwabciyarta a tsohon gida.

Wanda ya saba da wasannin jami'o'i irin na ƙasashenmu zai yi mamakin yadda wasan ɗalibai zai ta da ƙura haka. A Amurka al'amarin daban yake. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601, ya fi Wembley girma. Babbar gasar ƙwararru ta NFL ƙungiyoyi 32 kacal gare ta, kuma jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma ba su da ko ɗaya. A irin waɗannan wurare jami'ar jiha ita ce ƙungiyar kowa, wanda ya yi karatu a can da wanda bai taɓa taka ƙofarta ba. Tun 1962 Nebraska take sayar da tikitin filinta ƙarƙaf a duk wasan gida da aka buɗe wa jama'a. Ita kuwa hamayya tsakanin jami'o'i biyu na yanki ɗaya, abin da ya fi kama da ita a wajenmu shi ne wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi: gadonta ake yi, ana tsokanar juna shekara da shekaru, miji yana wannan ɓangare mata tana wancan, kuma kowa yana buƙatar abokin wasansa domin a san shi wane ne. Bambancin shi ne ta can takan yi zafi har ta wuce wasa. An taɓa samun wani mai goyon bayan Alabama da ya zuba wa tsofaffin itatuwan da magoya bayan Auburn ke taruwa a gindinsu guba, itatuwan suka mutu, shi kuma ya sha ɗauri.

Jami'o'in ba su buga gasa guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya yadda ake yi a Firimiyar Ingila. Kashi-kashi suke, kowane rukuni da kwamishinansa da jadawalinsa da zakaransa. Asalin waɗannan rukunoni maƙwabtaka ce: makarantun da jirgin ƙasa zai iya haɗawa cikin yini guda su ne suka ƙulla ƙawance. Big Ten ta samo asali daga 1896 a yankin manyan tafkuna. SEC ta kudu maso gabas an kafa ta a farkon shekarun 1930. Rukunin da ya zama Pac-12 an aza tubalinsa ne a birnin Portland a 1915, na gaɓar tekun Pasifik. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne babu hawa babu faɗawa ajin 'yan dagaji. Ko kullum ana cinye ka, kana nan a rukuninka kana karɓar kasonka. Ko kullum kana cin wasa, ba za ka shiga babban rukuni ba sai shugabannin jami'o'insa sun jefa ƙuri'a sun gayyace ka. Saboda haka gurbi a rukuni ya fi kowane kofi daraja.

Tushen abin da ake gani yau hukuncin kotu ne na 1984. Kafin nan hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ita ke sayar da haƙƙin nuna zari-ruga a talabijin a madadin kowa, ta kuma ƙayyade sau nawa za a nuna makaranta guda, wai don kada mutane su zauna a gida filaye su zama kufai. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka ga ana tauye su, tunda su ake son kallo, suka kai ƙara. Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce tsarin ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Ɗaya daga cikin alƙalan biyu da suka ƙi yarda shi ne Byron White, wanda shi kansa tsohon shahararren ɗan wasan Jami'ar Colorado ne, kuma gargaɗinsa shi ne a kula kada wasan makaranta ya koma tsantsar kasuwanci. Daga wannan hukunci, sannu a hankali haƙƙin talabijin ya koma hannun rukunoni. Rukuni ya zama kamar ƙungiyar 'yan kasuwa da ke haɗa hajarsu su sayar wa dillali ɗaya su raba kuɗin, kuma tambayar da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ke yi ta shigo: wa zai ƙara mana ciniki, wa kuma yake ci da guminmu?

Ba a jima ba aka fara ƙaura. Penn State ta shiga Big Ten, Arkansas da South Carolina suka shiga SEC, wadda ta cika 12 ta ƙirƙiro wasan fitar da zakara a 1992, wasa ɗaya tak mai kawo kuɗi masu yawa. Rukunin Southwest, wanda kusan duk membobinsa 'yan Texas ne, ya rushe a 1996. Huɗu daga cikinsu suka haɗe da wasu takwas aka kafa Big 12, huɗu kuma aka bar su a rana, ciki har da Houston, jami'ar da Hakeem Olajuwon ya yi suna a ƙwallon kwando. Akwai wani abu a wancan zagaye da ya cancanci a lura da shi. Texas da Texas A&M ake so, amma Baylor da Texas Tech ma suka samu shiga, kuma an daɗe ana danganta hakan da matsin lambar 'yan siyasar jihar, tunda gwamna Ann Richards tsohuwar ɗalibar Baylor ce, mataimakinta Bob Bullock kuma ya yi karatu a makarantun biyu. A 2003 ma gwamnan Virginia, Mark Warner, ya tsaya kai da fata sai da rukunin ACC ya karɓi Virginia Tech. Wato a lokacin, gwamnatin jiha tana iya ce wa babbar jami'arta ba za ki tafi ki bar ƙanwarki ba. Zuwa 2021 kuɗin ya yi yawan da babu ɗan siyasar Oklahoma da ya iya tsayar da tafiyar.

Zagaye na biyu, daga 2010 zuwa 2014, lissafin gidaje ne ya tuƙa shi. Big Ten ta buɗe tashar talabijin tata a 2007. Yadda tsarin yake, kamfanin da ke kai tashoshi gidajen mutane yana biyan tashar wani kuɗi a kan kowane gida duk wata, ko masu gidan suna kallo ko ba su kallo, kuma kuɗin ya fi yawa a yankin da rukunin yake da memba. Wannan ne ya sa Big Ten ta ɗauko Rutgers da Maryland a 2014. Ba su da ƙarfi a zari-ruga, amma ɗaya tana bakin New York, ɗaya tana bakin Washington, inda gidaje miliyoyi suke. A can kudu kuma Texas ta ƙulla da ESPN, babbar tashar wasanni ta Amurka, aka buɗe mata tashar kanta ita kaɗai a 2011, kan dala miliyan 300 cikin shekara 20. Wannan ya ƙona wa maƙwabtanta rai, musamman Texas A&M. Nebraska ta tafi Big Ten, Colorado ta tafi yamma, A&M da Missouri suka shiga SEC a 2012.

Wasannin hamayya suka fara zubewa. Texas da A&M, da suka fara karawa a 1894, waɗanda waƙar zuga ta kowaccensu sai ta ambaci ɗayar, suka daina haɗuwa bayan 2011. Pittsburgh da West Virginia ma haka. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Kansas da Missouri, domin ita tushenta a yaƙin basasar Amurka yake. A 1863 wasu mahara daga ɓangaren Missouri suka afka wa garin Lawrence, inda Jami'ar Kansas take, suka kashe maza kusan 150, suka banka wa garin wuta. Jikokin waɗannan mutane sun mayar da gabar ta zama wasa tun 1891, suna haɗuwa kusan kowace shekara a fili maimakon a fagen daga. Abu ne mai daraja al'umma ta iya yin haka. Da Missouri ta tafi, Kansas ta yi fushi ta ƙi sa ta a jadawali, ba su sake karawa a zari-ruga ba sai 2025.

Zagaye na uku ya fi kowanne girgiza, kuma lissafinsa ya sauya. Mutane sun yi ta yanke tashoshin biyan kuɗi suna komawa kallo ta intanet. ESPN da ta taɓa shiga gidaje kusan miliyan 100 a 2011, tun daga lokacin raguwa take yi. Yawan gidajen da ke kusa da makaranta ya daina zama ma'auni, aka koma tambayar mutum nawa ne za su zauna su kalli wasanta da gaske. Wasan da ake nunawa kai-tsaye yana cikin 'yan abubuwan da suka rage da mutane ke kallo tare da tallace-tallacensu, kuma sunaye ƙalilan ne ke tara miliyoyin masu kallo: Ohio State, Michigan, Alabama, Georgia, Texas, Notre Dame da makamantansu. Tashoshin suka gane gara su biya kuɗi mai tsoka su tara manyan sunaye wuri guda suna karo da juna kowane mako, da su riƙa biyan rukuni biyar da kowanne ke da manya biyu ko uku. A watan Yulin 2021 labari ya fasu cewa Texas da Oklahoma suna neman shiga SEC, wadda ESPN ke riƙe da haƙƙinta. Cikin 'yan kwanaki aka kammala.

Sauran rukunonin suka firgita. A watan Agustan wannan shekarar kwamishinonin Big Ten da ACC da Pac-12 suka shelanta ƙawance, suka ce za su kare mutuncin wasannin jami'a, kuma suka yi alfaharin cewa ba su sa hannu a kowace takarda ba, amana ce tsakanin dattawa. Wata goma bayan haka, ranar 30 ga Yuni, 2022, Big Ten ta ɗauke USC da UCLA, manyan jami'o'in Los Angeles guda biyu, daga hannun Pac-12. Bayan 'yan makonni ta sa hannu da Fox da CBS da NBC kan kwangilar shekara bakwai ta sama da dala biliyan 7.

Rushewar Pac-12 ita ce ta fi buƙatar a tsaya a duba, saboda wannan ba ƙaramin rukuni ba ne. Membobinsa sun lashe kofunan ƙasa sama da 500 a wasanni daban-daban, babu rukunin da ya kai shi. Tun 1947 zakaransa ke karawa da zakaran Big Ten a babban wasan da ake kira Rose Bowl ranar sabuwar shekara. A kakarsa ta ƙarshe ma, ta 2023, Washington ta kai wasan ƙarshe na ƙasa. Ƙarancin gwaninta bai kashe shi ba. Abu na farko da ya cuce shi agogo ne: wasan da aka take da ƙarfe bakwai da rabi na dare a Kalifoniya, a New York ƙarfe goma da rabi ne, kuma mafi yawan Amurkawa a gabashi da tsakiyar ƙasar suke zaune. Na biyu kuskuren shugabanci. Tsohon kwamishina Larry Scott ya buɗe tashar rukunin a 2012 ba tare da haɗa hannu da wani babban kamfanin talabijin ba, yana ganin ribar duka za ta zama tasu. Tashar ba ta taɓa samun shiga DirecTV ba, babban kamfanin da ke kai tashoshi gidaje ta tauraron ɗan'adam, kuɗin da aka yi tsammani bai zo ba. Zuwa 2023 makarantar Big Ten tana karɓar kusan dala miliyan 60 a shekara, ta Pac-12 tana karɓar miliyan 30 da ɗoriya.

Na uku jan ƙafa da raina ciniki. Bayan tafiyar USC da UCLA, rahotanni sun nuna ESPN ta taya sauran goman kan kusan dala miliyan 30 kowacce, shugabannin jami'o'in suka ce albarka, suka nemi miliyan 50. Suna cikin wannan ja-in-ja sai sabon kwamishinan Big 12, Brett Yormark, mutumin da ya fito daga harkar nishaɗi da kasuwancin wasanni, ya yi wuf ya sabunta kwangilar rukuninsa da ESPN da Fox tun wa'adi bai cika ba, kan kusan dala miliyan 31 ga kowace makaranta. Kuɗin da ke kasuwa ya kwashe, da guraben lokacin nuna wasa. Da kwamishinan Pac-12 George Kliavkoff ya dawo bayan kusan shekara guda, abin da ya kawo tayin kamfanin Apple ne, na miliyan 20 da wani abu, sauran ya dogara ga yawan waɗanda za su yi rajistar kallo ta intanet. Colorado ta riga ta fice a ƙarshen Yuli. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, 2023, ranar da aka sa ran za a sa hannu, Oregon da Washington suka ce sun tafi Big Ten, kafin dare Arizona da Arizona State da Utah suka bi Colorado zuwa Big 12. Rukunin da ya shekara 108 ya watse cikin yini ɗaya.

Sharuɗɗan da masu gudun suka amince da su suna nuna irin tsoron da ke ransu. Oregon da Washington sun yarda da kusan rabin kason da tsofaffin membobin Big Ten ke samu har kwangilar ta ƙare. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, da ke bakin Pasifik, suka shiga ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne, kan kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin talabijin a shekarun farko. Jami'ar SMU ta birnin Dallas, wadda ita ma ta shiga ACC, ta yarda ta shekara tara ba ta karɓi ko sisin kuɗin talabijin ba, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin, ita dai a ba ta kujera. Yanzu Big Ten, mai goma a sunanta, membobi 18 gare ta, Big 12 tana da 16, SEC ma 16.

Biyu aka bari: Oregon State ta garin Corvallis da Washington State ta garin Pullman. Dukansu jami'o'i ne da aka kafa don koyar da noma da sana'a, a ƙananan garuruwa. Mutanen Pullman ba su kai dubu 35 ba. Oregon State a shekarar ta gama gyaran filinta da ya ci sama da dala miliyan 160, bisa lissafin cewa kuɗin babban rukuni zai ci gaba da shigowa. Sai da suka je kotu kafin suka karɓe ikon rukunin da abin da ya rage a asusunsa daga hannun masu tafiya, sannan suka shiga gayyato makarantu irin su Boise State da Fresno State da San Diego State domin a sake tayar da shi a 2026. Sunan ya tsira, amma kuɗin da matsayin ba su dawo ba.

A nan ya kamata a yi adalci, don ba kowace hamayya ce ta mutu ba. Shigar Texas SEC ta sake haɗa ta da A&M, suka kara ranar 30 ga Nuwamba, 2024, bayan shekara 13, a gaban mutum sama da dubu 100, Texas ta ci 17 da 7. Texas da Oklahoma sun tafi tare, don haka wasansu na birnin Dallas, inda ake raba filin gida biyu kowane ɓangare da launinsa, bai taɓu ba. Utah da maƙwabciyarta BYU sun sake zama 'yan rukuni ɗaya. Mai kare sabon tsarin zai nuna waɗannan ya ce kasuwa ba ta ƙin hamayya, sonta ma take. Gaskiya ne. Amma a duba waɗanda suka tsira da waɗanda suka faɗi, za a ga ƙa'ida ɗaya: hamayya tana rayuwa ne in rukuni ɗaya ya ga duka ɓangarorin biyu abin saye ne. Inda ɗaya babba ne ɗaya ƙarami, a ɗauki babban a bar ƙaramin. Alhali irin wannan hamayyar, ta jami'ar birni da ta manoma, ta wa da ƙane, ita ce ta fi shiga rayuwar mutanen jiha. Mutumin Stillwater yakan haƙura da shan kashi na shekaru saboda shekara ɗayan da zai rama.

Za a ce ai ba dole sai rukuni ɗaya ake karawa ba, kuma haka ne: Washington da Washington State sun ci gaba da wasansu na Apple Cup, har ƙaramar ta ci babbar 24 da 19 a 2024. Matsalar lissafin jadawali ne. Wasa 12 ake bugawa a kaka. Tara na cikin rukuni ne a Big Ten da Big 12, SEC ma ta yanke shawarar komawa tara daga 2026. Saura uku. Babbar makaranta tana son wasa bakwai a gida saboda kuɗin ƙofa, tana kuma son wasannin da ta tabbata za ta ci, shi ya sa take biyan ƙananan makarantu dala miliyan ɗaya ko fiye su zo a doke su. Tsohon abokin hamayya kuwa dole a riƙa zuwa gidansa shekara bayan shekara, kuma zai fito da duk ƙarfinsa. Cin sa ba ya ƙara wa babban komai a idon masu tantance waɗanda za su fafata neman kofin ƙasa, shan kashi a hannunsa kuma yana iya hana shi shiga gasar fitar da gwani ta ƙasa. Wasan da a da wajibi ne ya koma alfarma da babba ke yi wa ƙarami, kuma yana iya janye ta duk ranar da ya ga dama. Bugu da ƙari, idan ɗaya na samun ninkin kuɗin ɗayan kowace shekara, nan da shekara goma da wuya karawar ta zama ta tsara da tsara.

Ban ɗauki shugabannin jami'o'in da suka tafi a matsayin mugaye ba. Sashen wasannin UCLA bashin sama da dala miliyan 100 ne a kansa lokacin da ta yanke shawara. Kuɗin zari-ruga ne ke ɗaukar nauyin ninƙaya da guje-guje da ƙwallon raga, kuma dokar 1972 ta wajabta a bai wa ɗalibai mata dama daidai da maza. Ga kuma sabon nauyi da ni nake ganin ya dace: bayan shekaru ana tara biliyoyi da gumin 'yan wasa ba a biyansu, kotuna sun tilasta sauyi. Tun 2021 ɗan wasa yana iya karɓar kuɗin talla da sunansa, kuma sulhun da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi a watan Yunin 2025 ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace makaranta damar biyan 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Shugaban da ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ba za a zarge shi don ya shafa wa nasa ruwa ba. Laifin na tsarin ne da babu mai tsawatarwa a cikinsa. NCAA ba ta da ikon hana kowa ƙaura, kowane kwamishina rukuninsa kawai yake wa aiki, ya zama kowa tasa ta fisshe shi.

Masu bin ƙwallon Turai za su tuna watan Afrilun 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 suka ce za su ɓalle su kafa gasar kansu da ba a faɗuwa daga cikinta. Cikin kwana biyu shirin ya wargaje, saboda magoya bayan ƙungiyoyin Ingila da kansu suka fito titi suka ce ba su yarda ba. Abin da ake ginawa a Amurka ɗan'uwan wancan ne, har Big Ten da SEC sun tanadar wa kansu kusan kashi 58 cikin ɗari na kuɗin gasar fitar da gwani daga 2026. Amma bai gamu da irin wancan bore ba, saboda ɗaiɗai da bibbiyu aka riƙa tsamo makarantun. Magoya bayan wadda aka ɗauka murna suke yi sun tsira, na wadda aka bari kuma ba su da yawan da za a saurare su.

Waɗanda suke biyan kuɗin wannan sauyi da jikinsu su ne ɗaliban da ba ruwansu da zari-ruga. Daga Los Angeles zuwa Rutgers kusan kilomita 4,000 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, ga bambancin agogo na awa uku. 'Yan zari-ruga sau ɗaya suke wasa a mako, tafiya huɗu ko biyar a kaka, a jirgin shata. Yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko ɗan ƙwallon kwando kuwa wasanninsu sun ninka haka, wasu a tsakiyar mako, kuma ana jiransu a aji da jarrabawa. Iyayensu da a da suke tuƙa mota su je kallo yanzu sai ta allo. Chip Kelly, lokacin yana kocin UCLA, ya kawo shawarar da har yanzu ban ji wadda ta fi ta ba: a ware zari-ruga ta yi nata tsarin na ƙasa baki ɗaya tunda ita ake saye, sauran wasannin a bar su su kara da maƙwabtansu. Da an bi wannan, da babu dalilin da zai sa 'yan wasan Stanford su riƙa ƙetare nahiya zuwa Miami ko Boston.

Ƙurar ba ta lafa ba. Abin da ke ɗaure makaranta a rukuni shi ne yarjejeniyar da take jinginar da haƙƙin nuna wasanninta na gida na wasu shekaru, ta yadda ko ta tafi kuɗin na tsohon rukunin ne. Membobin ACC sun jinginar da nasu har 2036. Florida State, wadda ta ci duk wasanninta 13 na farko a 2023 amma aka hana ta gurbi a gasar fitar da gwani, ta kai rukuninta ƙara a watan Disambar shekarar, Clemson ta bi sahu. An sulhunta a 2025: makarantun da aka fi kallo za su riƙa samun kaso mafi tsoka, kuɗin fita kuma zai riƙa sauka har ya kai dala miliyan 75 wajen 2030. A daidai wannan lokacin kwangilar Big Ten za ta ƙare, ta Big 12 ta biyo baya a 2031, ta SEC a 2034. Da rabo daidai-wa-daida ya karye a ACC, tambayar za ta isa sauran manyan rukunoni ma, ranar da Ohio State za ta ce don me take karɓar daidai da Rutgers.

A Oklahoma kuwa, makarantun biyu sun ci gaba da haɗuwa a ƙwallon kwando, amma a zari-ruga ba su kara ba a 2024 ko 2025. A ƙarshen watan Nuwamban 2024, lokacin da a shekaru da dama jihar kan rabu gida biyu, Oklahoma State tana Boulder a jihar Colorado, inda aka ci ta 52 da nema. Washegari Oklahoma tana Baton Rouge a jihar Louisiana, LSU ta doke ta 37 da 17. Kowaccensu ta yi tafiyar kusan kilomita dubu daga gida.